In Kiyashi Ya Taru a Fitsarin Kyanwa

Akwai maganar da in mutum ya kuskura ya faɗe ta a majalisar ɗalibai, ko a ofis lokacin shan shayi, nan take za a bushe da dariya, watau a ce kyanwa tana kamuwa da ciwon sukari. Wani zai ce, yaushe mage ta ga rake balle ta sha? Wani ya ce ai wannan lalurar Turawa ce da dabbobinsu masu kwana a kan katifa. To, a yi dariyar a gama, maganar tana nan daram. Kyanwa tana kamuwa da ciwon sukari, kusan irin wanda ke kama iyayenmu idan shekaru suka ja, kuma ba ma shakka cewa a unguwanninmu na ƙetaren kogin Kaduna, daga Barnawa zuwa Narayi, daga Kakuri zuwa Sabon Tasha, akwai gidajen da ake fama da shi ba tare da an san sunansa ba. Ra'ayinmu shi ne, duk wanda ya ajiye kyanwa a gidansa ya karɓi amana, kuma sanin alamun wannan cuta, musamman waɗanda ba sa jiran gobe, yana cikin amanar.

Bari mu fara da yadda abin yake. Abincin da mutum ko dabba ya ci, wani kashi nasa yakan rikiɗe ya zama sukari a cikin jini, wannan sukarin kuwa shi ne makamashin jiki. Amma ba ya iya shiga tsoka ya yi aiki sai da wani sinadari mai suna insulin, wanda wata 'yar gaɓa da ke kwance kusa da tumbi take fitarwa, likitoci suna ce mata fankiriyas. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko kuma jiki ya daina jin maganarsa saboda kitse ya yi yawa, sai sukari ya taru a jini kamar hatsi a sito da aka ɓatar da mabuɗinsa: ga abinci jibge, ga gida yana kukan yunwa.

Ita kyanwa an halicce ta maciyar nama ce zalla. Ɓera, ƙadangare, tsuntsu, fara, su ne tuwonta. Har ma a shekarar 1889 ko yau, harshenta bai taɓa sanin zaƙi ba, masana a Amurka sun tabbatar da haka a shekarar 2005. Saboda haka mai zancen rake ya yi gaskiya rabi, sai dai ba ta wannan ƙofa cutar ke shigowa ba. Kyanwar kakarmu a ƙauye tana kwana a gindin rumbu, ba ta ci sai ta yi farauta. Kyanwar ma'aikaci a Barnawa kuwa tana cikin katanga mai dogon gini da ƙofar ƙarfe, an hana ta fita don kada mota ta take ta ko yara su jefe ta, ana zuba mata ragowar shinkafa da tuwo da taliya da burodi jiƙe da shayi, ko kuma busasshen abincin kanti na cikin leda, wanda galibinsa sitaci ne mai yawa. Ta ci ta kwanta, ta tashi ta ci. An yi mata kirari da mage mai kwanciyar ɗaukar rai, amma a irin wannan zama, ran da kwanciyar ke ɗauka nata ne. Wani bincike da aka yi a asibitocin dabbobi na Ingila, aka buga a 2016, ya sami cutar a jikin kusan kyanwa 1 cikin 200, kuma an daɗe da sanin cewa mai ƙiba ta fi siririya haɗari wajen ninki 4. Muzuru ya fi macen kamuwa, musamman wanda aka dandaƙe, kuma ya haura shekara 7 ko 8. Mu kuwa in muka ga muzuru ya yi ɓul-ɓul sai mu ce gidan akwai albarka, kamar yadda muke yaba wa sabon akawu idan ya ajiye tumbi shekara biyu bayan samun aiki.

Alamun farko ba su zuwa da hayaniya, shi ya sa ake raina su. Idan sukari ya wuce abin da ƙoda za ta iya riƙewa, sai ya zuba cikin fitsari, ya ja ruwan jiki ya tafi da shi. Sai fitsari ya yawaita, ƙishirwa ta biyo baya. Za ka ga kyanwar da a da ba ta damu da ruwa ba ta tare a bakin famfo, ko tana lasar ƙasan makewayi, ko ta tsoma kai cikin bokitin wanke-wanke. Ga ci kamar gara, amma maimakon ta yi ƙiba sai rama, har ƙashin bayanta ya fito a ji shi da hannu, gashinta ya dusashe ya cukurkuɗe don ta daina gyara shi. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan muna da uzurin da muka tanadar mata. Ƙishirwa, ai zafin Maris da Afrilu ne. Rama, ai tsutsar ciki ce ko tsufa. Ta yi fitsari a kan tabarma, ai iskanci ne, a ɗauko tsintsiya. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a fara raɗe-raɗin cewa wannan mage ba mage ba ce, a nemi buhu a kai ta bakin kogi. Alhali kuwa awo mai sauƙi ya isa ya raba gardama: a zuba mata ruwa da ma'auni da safe, a duba abin da ya rage washegari. Kyanwa mai nauyin kilo 4 da ke shanye fiye da mililita 400 a yini, watau kusan ledar ruwa guda, babu likitan da zai ce lafiyarta ƙalau, ko da ana tsakiyar bazara. Akwai kuma awon da ya girmi duk wani ɗakin gwaji. Likitocin Indiya na zamanin da sun sa wa cutar suna fitsarin zuma, domin sun lura ƙwari suna taruwa a fitsarin mai ita. In mai karatu ya ga kiyashi ya yi dandazo a inda kyanwarsa ta tsuguna, to ya san ba banza ba.

Wata alama kuma kusan ta kyanwa ce ita kaɗai, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Kyanwa mai lafiya a kan yatsunta take tafiya, diddigenta na baya yana sama bai taɓa ƙasa ba, wannan ne asirin sanɗarta. Idan sukari ya daɗe yana cin jijiyoyin ƙafa, sai ƙafafun baya su yi sanyi, diddigen ya sauko ya kwanta a ƙasa, ta riƙa tafiya a tsugune kamar zomo, ta kasa hawa kujerar da a da take ɗarewa da tsalle ɗaya. Mutane sukan ce faɗuwa ta yi daga katanga, ko wani ya buge ta da sanda, a yi ta zargin yaran maƙwabta. Wannan tafiya shaida ce cewa cutar ta yi watanni tana aiki. Sau da yawa ƙafafun sukan dawo idan aka shawo kan sukarin, amma a hankali, ba cikin mako ɗaya ba.

Sai dai fa ganin alama ba shi ne sanin cuta ba. Ciwon ƙoda ma yana kawo ƙishirwa da rama a tsohuwar kyanwa, haka nan cutar wata halitta da ke wuya, wadda kumburinta ne muke kira maƙoƙo a jikin mutum. Bugu da ƙari, tsoro kaɗai yakan ɗaga sukarin kyanwa. Wadda aka cusa a kwali, aka ɗora a keke mai ƙafa uku daga Sabon Tasha, aka ratsa cunkoson gada da ita, ko lafiyayya ce jininta zai nuna sukari mai yawa. Don haka likitan dabbobi na ƙwarai ba ya yanke hukunci da awo ɗaya. Yakan duba fitsari, in da hali kuma ya yi wani gwajin jini da ke nuna yadda sukarin ya kasance cikin kimanin mako 2 da suka wuce.

Duk waɗannan suna ba da 'yan kwanaki. Yanzu ga waɗanda ba sa bayarwa. Kyanwar da aka san ta da ci, ran nan sai ta kau da kai daga kwano. Ta fara amai, ta nemi lungu ta kwanta, idanunta su faɗa, in ka ɗaga fatar wuyanta ka saki sai ta tsaya a tsaye maimakon ta koma. Numfashinta ya yi sauri, wani lokaci bakinta yana warin ruwan goge jan farce. Abin da ya faru shi ne jiki ya gaji da jiran sukari, ya koma ƙona kitse da gaggawa, ƙonawar kuma tana barin wani dafi mai suna kiton, wanda ke tsamar da jini. Wannan ba ya jin maganin gida. Sai ƙarin ruwa ta jijiya da insulin kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin idon likita, kuma a ranar, ba a ce a bari a ga yadda za ta kwana ba. Ko ba wannan ma, kyanwa mai ƙiba da ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse yakan mamaye hantarta, a samu cuta ta biyu a kan ta farko. Wannan jumla ta "bari mu gani zuwa gobe" ita ce muke zargi fiye da kowace ƙwayar cuta, a kan dabba da mutum baki ɗaya.

Haɗari na biyu kishiyar na farko ne, kuma yana samun kyanwar da aka riga aka gano cutarta ana yi mata allura. Sukari ya faɗi ƙasa warwas. Sa'o'i kaɗan bayan allura sai ka ga tana tangaɗi kamar mashayi, tana rawar jiki, idanu sun buɗe ba ta ganin gabanta, daga nan sai jijjiga, sai dogon suma. Dalilan kaɗan ne kuma duk na hannunmu ne. Ko an yi mata cikakkiyar allura alhali ba ta ci ba ko ta amayar. Ko an yi sau biyu. Mun san wani gida a Narayi inda maigida ya yi wa muzurunsu allura da asuba kafin ya fita neman motar zuwa ofis, 'yarsa kuma ta tashi ƙarfe bakwai ta sake yi, tana zaton ya manta. Kafin azahar muzuru yana birgima a tsakar gida. Da ta kira shi a waya, abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Baba, ashe ka yi masa kafin ka fita?" Uwar gidan ce ta lakato zuma ta goga masa a dasashi, ya farfaɗo, aka garzaya da shi wurin likita. Tun daga ranar akwai takarda manne a jikin firji, duk wanda ya yi allura sai ya rubuta lokaci ya sa hannu. Zumar nan ita ce taimakon farko, ko sukari da aka dama da ɗan ruwa ya yi kauri: a shafa a dasashi da yatsa, kada a ɗura wa dabbar da ba ta cikin hayyacinta, domin zai bi ta huhu. In an rasa gane wanne ne cikin haɗurran biyu, lakacen zuma bai kai ƙarin allura ɓarna ba. In kuma ana shakkar ko allura ta shiga ko ta zube a gashi, kada a maimaita.

Dalili na uku shi ne sirinji, kuma a nan muke roƙon mai karatu ya natsu. Insulin iri biyu ne wajen ƙarfi. Akwai mai lamba U-40, wanda yawancinsa na dabbobi ne, da mai lamba U-100 na mutane, kowanne da sirinjinsa, galibi na farko da jan murfi, na biyu da murfi ruwan lemo. Wanda ya zuƙi insulin U-100 da sirinjin U-40 ya ba da ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta, ko da idonsa ya ga layin daidai. Kyanwa kuwa yawanci da awo 1 ko 2 ake fara mata, safe da yamma, ɗigon da da ƙyar ake ganinsa. Yaron kemis da ya ce maka "duk ɗaya ne, Yallaɓai" ba mugunta yake nufi ba, bai sani ba ne, amma kai ne za ka haƙa ramin.

Tun da mun ambaci kemis, bari mu ƙarasa. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa ta. Albasa da tafarnuwa, da ake jiƙa wa masu sukari, suna farfasa ƙwayoyin jininta. Ruwan shuwaka da zogale ba sa maye gurbin insulin. A ƙarshen 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata ƙwaya mai suna Bexacat da ake ba kyanwa sau ɗaya a yini maimakon allura, amma an hana ba wadda aka taɓa yi wa insulin, kuma tana iya jawo dafin kiton ɗin nan ko da awo ya nuna sukari daidai. Ba abin da za a aiko wa mutum daga waje ya gwada a gida ba ne.

Mun san abin da ke zuciyar wasu tun daga layin farko. Za su ce, a Kakuri, inda masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta bar ma'aikatanta shekara da shekaru suna neman haƙƙinsu, inda akwai dattawan da ke tsallake allurarsu don kwalba ta kai ƙarshen wata, ku kuna ɓata takardar ƙungiya a kan mage? Tambayar tana da nauyi, ba za mu yi mata ba'a ba. Ba mu ce a hana uba insulin a ba kyanwa ba, kuma duk gidan da zaɓi ya kai ga haka, ya san wanda zai zaɓa. Amma a tuna ta inda maganin ya fito. A 1889, a birnin Strasbourg, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa kare fankiriyas, kare ya kamu da ciwon sukari, a nan aka gane gidan cutar. A 1921 a Toronto ta ƙasar Kanada, Frederick Banting da Charles Best a kan karnuka suka gwada insulin, kafin a yi wa wani yaro, Leonard Thompson, a Janairun 1922. Shekaru da dama bayan haka daga jikin shanu da aladu ake tatso shi. Dabba ta riga mu biyan kuɗin wannan magani. Addinan da ake bi a ɓangarorin kogin nan biyu kuma babu wanda ya yarda a azabtar da dabbar da aka tsare. Labarin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa yara ma sun san shi.

Sa'an nan matsalar ɗaya ce, ba biyu ba. Insulin ɗin da likitocin dabbobi suka fi yabawa a kan kyanwa, Lantus, na mutane ne, daga kanti ɗaya ake saye. Da darajar naira ta faɗi a 2023, kuma kamfanin Sanofi mai yin sa ya sanar a ƙarshen shekarar cewa zai daina sayar da kayansa da kansa a Nijeriya ya miƙa wa dillali, tsadar ta doki mai kyanwa da mai tsoho lokaci guda. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke da cutar a Nijeriya, kuma a Afirka fiye da rabin masu ita ba su san suna da ita ba. Ɗalibar da ta koyi lura da kwanon ruwan kyanwa, ita ce za ta fara lura cewa mahaifinta yana tashi fitsari sau biyar a dare, yana ramewa alhali yana ci, yana cewa tafin ƙafarsa kamar ana tsira masa allura. Ita ce kuma za ta san abin yi ranar da ya yi allura bai karya kumallo ba ya fara gumi da rawar jiki.

Akwai ma albishir da bai kamata a ɓoye ba. Ba kamar kare ba, kyanwa takan warke daga buƙatar allura idan aka kama cutar da wuri, aka daidaita sukarin, aka mayar da ita ga abincinta na asali: dafaffen kifi, nama, kayan ciki, ƙwai, ko abincin gwangwani maras sitaci, aka kuma rage mata ƙiba sannu a hankali. Sai dai a yi canjin da sanin likita, domin da zarar sitaci ya ragu, allurar jiya ta yi wa yau yawa. Na'urar awon sukari da ake sayarwa a kemis tana taimakawa ƙwarai, ɗigon jini daga gefen kunne ya isa, ko da yake irin ta mutane takan nuna ƙasa kaɗan da gaskiya a jinin kyanwa.

Abin da ya rage shi ne wurin kai ta. Aikin likitan dabbobi a Arewa don shanu aka gina shi. Cibiyar Vom da aka kafa a 1924 yaƙi da bushiya ne ya haife ta, kuma ta yi aikinta, an shelanta ƙarewar cutar daga duniya a 2011. Tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a shekarun 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, tana da asibitin koyarwa a Samaru mai duba ƙananan dabbobi, amma tsakanin Zariya da Kaduna wajen kilomita 80 ne, kyanwar da ke jijjiga ba za ta kai ba. Saboda haka mai kyanwa ya nemi lambar likitan dabbobi mafi kusa da shi tun ana zaune lafiya, ya tambaye shi ƙarara ko yana iya ƙarin ruwa da awon kiton, ko yana amsa waya da dare. Muna kuma kira ga ƙungiyarmu ta haɗa kai da 'yan'uwanmu masu karatun likitan dabbobi da na mutane, a rubuta alamun nan a takarda ɗaya da Hausa da Turanci, gefe guda na kyanwa, gefe guda na mutum, a raba a kasuwannin Kakuri da Sabon Tasha ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya.

A takardar nan lallai a sa maganar ajiya, domin wutar lantarkinmu kowa ya san halinta. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 da 8. Wadda ake amfani da ita ta fi juriya: binciken Jami'ar Geneva da ƙungiyar likitoci ta MSF, da aka buga a 2021, ya nuna insulin ya riƙe ƙarfinsa mako 4 a irin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Ɗakin kwano a Kaduna cikin Afrilu yakan wuce haka. A nan dabarar marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, take da amfani: tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, kwalbar kuma a cikin leda don kada ruwa ya taɓa ta. Abin da ba a so sam shi ne daskarewa. Insulin da ya yi ƙanƙara ya lalace ko da ya narke ya koma kamar da, don haka a nisanta shi da bangon firji na baya da kuma ɗakin ƙanƙara, musamman a daren da wuta ta kwana ba a ɗauke ba.